Jika 800 gare ni: katin hoto zan fara saya ko faifai?

Nasiru_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Shekara huɗu ke nan ina montaj, wato tace bidiyon biki, a nan Maradi da wata tsohuwar laftof, mai masarrafar i5 ƙarni na 6, RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 8, batirinta ya mutu tuni. Muddin hoton 1080 ne, wato HD, da kamara ɗaya, tana lallaɓawa. To bana na sayi kamara Sony a6400, ga masu biki sun fara cewa sai an zo musu da dron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Tun daga nan ban huta ba. In na ja hoto a Premiere, manhajar da nake tacewa da ita, sai ya riƙa tsalle, murya ta yi gaba, baki na baya. Bikin da na ɗauka a Soura Bildi wancan sati, fitar da shi kaɗai ya ci daga bayan isha'i har wajen assalatu, saura ƙiris ya ƙare wuta ta tafi, na koma farko.

Na tara jika 800 na sefa. Wani abokina ya ce in zuba rabi a babban katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, sauran ko me ya samu. Faifan ajiya (hard disk) kuwa na waje guda ɗaya gare ni mai tera 2, a kansa nake aiki, a kansa nake ajiya. In ku ne, me za ku saya?

Zara_Hoto:
Wa alaikumus salam. Nasiru, tsaya tukuna. Ka ce faifai ɗaya? Aiki da ajiya duk a kansa?

Nasiru_Bagalam:
Eh, Anti Zara. Bai taɓa ba ni matsala ba.

Zara_Hoto:
Ni ma nawa bai taɓa ba ni matsala ba, sai ranar da ya ba ni. Yana kan tebur yana kwafe, ƙaramar ɗiyata ta zo wucewa, ƙafarta ta ja waya, ya faɗo kan siminti. Tsayin bai kai gwiwata ba. Na ɗauko na jona, sai na ji yana wani ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Biki uku ne a ciki da ban miƙa ba, ɗaya na ƴar maƙwabciyata. Katunan kamara kuwa na riga na goge na ɗauki wani aiki a kansu. Na kai shi wurare biyu, kowa ya jona ya saurara ya girgiza kai. Kuɗi na mayar, amma akwai abin da kuɗi ba ya mayarwa: kakar amarya ta rasu wata biyu bayan bikin, kuma wancan ne hotonta na ƙarshe tana rawa. Har yau in na haɗu da uwar amarya a babbar kasuwa sai na sadda kai.

Kafin ka yi maganar kati, ka sayi faifai na biyu. Yau ɗin nan in da hali.

Injiniya_Zaria:
Maganar Hajiya Zara ita ce ta farko, ba na ja. Amma bari in taɓa tsallen hoton, don abokin nan naka ya ba ka rabin gaskiya ne.

Abin da kamararka ke rubutawa H.264 ne, dron kuma sau da yawa H.265. Waɗannan ba sa ajiye kowane hoto cikakke. Suna ajiye ɗaya cikakke, na bayansa kuma sai bambanci kawai. Kamar littafin bashin mai shago ne da ba ya rubuta jimilla kullum, sai ƙari da ragi: in kana son sanin bashin ranar Laraba, dole ka koma farkon shafi ka bi lissafi. Duk sanda ka ja hoto gaba ko baya, wannan lissafin inji yake yi. Shi ya sa yake huci.

Masarrafan Intel suna da wani ɓangare a ciki, Quick Sync, wanda aikinsa ke nan, warware wannan ƙulli. Don haka in za ka haɗa inji, i5-12400 ya ishe ka. Sai dai ka kula, kar a ba ka mai harafin F a ƙarshe, wato 12400F. Ya fi araha ne saboda an kashe wancan ɓangaren, kuma shi kake buƙata. RAM giga 32 ka sa in 4K kake nufi. Adobe da kansu 16 suka ce don HD, 32 don 4K. Kati matsakaici ya wadatar, RTX 3060 mai giga 12 ya yi maka har ka gaji.

ƊanKatsina_Edita:
Oga Injiniya ya gama magana. Ni sai dai in ƙara: ka tsallako Kano ka saya, za ka rage kuɗi sosai. Sefa na da ƙarfi a kan naira yanzu.

Elh_Mokoyo:
Ragin da za ka yi a Kano ka lissafa da mota, da kwana, da abin da za ka biya a kan iyaka a Ɗan Issa. In kuma abu ya ƙi tashi bayan sati, sai ka sake ɗaukar hanyar Jibiya da kwali a cinya. Ka tuna lokacin da aka rufe iyaka a 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Wanda ya sayi kaya can kafin nan, garantinsa a takarda ya ƙare. Ba na hana ka, amma abin da ke iya mutuwa da wuri, irin faifai da akwatin wutar inji, gara ka saye shi inda ka san ƙofar mai shago.

ƊanKatsina_Edita:
Alhaji ai kai mai shago ne, dole ka ce haka 😂

Elh_Mokoyo:
Ni atamfa nake sayarwa, yaro. Bidiyo na ɗana ne, kuɗin kuma nawa ne. Shi ya sa nake lissafi.

BaGobiri_Tibiri:
Ku duka kun manta da abu guda. Mu nan da munka fara tun zamanin kaset, mun san inji ba ya mutuwa don ƙarami ne, wuta da zafi da ƙura ka kashe shi. Ka haɗa injin jika 800 ka jona shi kai tsaye ga bango, ranar da wuta ta dawo da ƙarfi sai ka ji ƙauri. Ka ware kuɗin ondilar tun farko, wato UPS, akwatin batir mai riƙe inji in wuta ta ɗauke. Ba don ka ci gaba da aiki ba, a'a, don ka samu minti goma ka adana ka kashe lafiya lau. Faifai in wuta ta yanke mishi yana tsakar rubutu, nan ne fayil ka lalacewa.

Kuma watan Afrilu da Mayu, da zafi ka wuce 40, kar ka sa inji cikin kabad ko ƙasan tebur a lungu. Da hunturu kuma duk wata ka buɗe shi ka hure ƙura. Na taɓa buɗe na wani yaro, abin da ni tarar kan fanka kamar an shimfiɗa bargo.

Nasiru_Bagalam:
Na gode Baba. Ondilar na cikin lissafi. Injiniya, to in na yi yadda ka ce, zan iya ci gaba da aiki a kan faifan waje ɗin nan, in sayi na biyu don kwafi?

Injiniya_Zaria:
A'a. Kamar ka sayi tirela ne ka ce ta lungunan Bagalam za ka bi da ita. Ga lissafi. Ƙaramin faifan waje mai juyawa yana ba da mega 100 zuwa 130 a daƙiƙa in yana cikin daɗinsa. SSD, faifan da ba ya juyawa, na SATA wajen 550. NVMe kuwa, ɗan siririn nan da ake maƙalawa jikin allon inji, yana wuce 3,000. Ba ma gudun ne babban abu ba. Mai juyawa allura gare shi. In ka jera kamara biyu da dron da waƙa, allurar nan sai ta yi ta zirga-zirga tsakanin fayil huɗu, a nan hoto ke cijewa. SSD ba shi da allura.

Yadda nake yi: ƙaramin SSD, giga 500, na Windows da manhajoji kaɗai. NVMe tera 1 ko 2 na aikin da ke hannu. Babban faifai mai juyawa, tera 4 ko fiye, na ajiya. Wanda kake da shi yanzu ya zama kwafi na biyu, ka cire shi ka sa a aljihun tebur bayan kowane kwafe.

Sai kuma ka duba ramin da kake jonawa. Mai shuɗin ciki shi ne USB 3. In ka kuskure ka sa a na 2, mega 35 za ka samu. Giga 225 a can kusan awa biyu, a na 3 rabin awa.

Moussa_4K:
Tera 1 na aiki? Wasa kuke. Ni biki ɗaya ya taɓa cinye mini rabin tera.

Injiniya_Zaria:
Ba ƙarya ka yi ba, Moussa, amma a san dalili. A6400 in tana 4K a kan megabit 100, awa ɗaya giga 45 ne. Kamara biyu, awa biyar kowace, giga 450. Faifan Nasiru na tera 2, wanda Windows zai nuna masa giga 1,863, biki huɗu ne ya cika. In ya ɗauka a 1080 kan megabit 50, rabin haka ne, biki takwas.

Zara_Hoto:
To ga tambayar da ba wanda ya yi: wa ke kallon 4K ɗin? Tsakani da Allah. Ni duk wadda na yi wa aiki, abu biyu take so: gajere na minti ɗaya da za ta sa a WhatsApp da TikTok tun kafin a watse, sai dogo a kile, wato filash, da za a jona a talabijin ɗin falo. WhatsApp ɗin ma matse shi yake har sai fuskar amarya ta zama kamar an shafa mata kunu. Mu muke wahalar da kanmu.

Moussa_4K:
Hajiya ba don su nake ɗauka ba, don ni ne. 4K ninki huɗu ne na 1080. In na kafa kamara ɗaya a nesa wajen ɗaurin aure, daga hoto ɗaya zan fitar da na taro gaba ɗaya, in kuma kusanto fuskar liman ba tare da ya dushe ba. Kamara ɗaya ta yi aikin biyu. Kuma in za a yanka shi a tsaye don waya, 1080 ba ya barin komai.

Zara_Hoto:
Wannan hujja ce, na karɓa. Amma awa uku na mata suna shiga suna fita da kwanuka ba ya buƙatar 4K.

Salissou_UDDM:
Gafara dai manya, ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, montaj ɗin na gefe ne. Kafin Yaya Nasiru ya kashe ko dala, ya gwada furoksi. Premiere na yi, DaVinci Resolve ma na yi. Manhaja za ta yi ƙananan kwafi marasa nauyi, ka yi yanke-yankenka a kansu, lokacin fitarwa sai ta koma kan na asali. Ka kunna da dare ka kwanta, da safe sun gama. Ni da laftof mai giga 8 nake tace 4K ta haka. Fitarwa ce dai ba ta da magani, sai haƙuri.

Batun murya da ke gudu ta bar baki kuma, in akwai hoton waya cikin aikin, daga nan ne sau da yawa. Waya ba ta riƙe adadin hoto ɗaya a daƙiƙa, tana hawa tana sauka. Ka bi da shi ta HandBrake, kyauta ce, ka tsayar da shi kan 25.

Nasiru_Bagalam:
Kai! Wallahi akwai hoton waya. Ƙanwar ango ce ta turo ta ce lallai sai an sa. Allah ya yi maka albarka, Salissou.

BaGobiri_Tibiri:
Yaron ga ya iya. Kuma tun da ya ce 25: wutarmu 50 ce, ku bar kamara kan 25 ko 50. Wanda ya sa 30 ko 60 ƙarƙashin fitilun zauren biki, shi ka ganin layi na yawo cikin hoto ya ce kamara ta lalace.

MaiSola_Tessaoua:
Ni ta wani gefe zan zo. Duk wannan injin da Injiniya ya lissafa, in yana fitar da aiki, da allo da komai, ka ba shi wat 300 zuwa 350. Katin 3060 kaɗai 170 ne. Batir ɗaya na volt 12, amfiya 200, in ba ka so ya mutu da wuri rabinsa za ka sha, wat 1,200 na tsawon awa ɗaya ke nan. Awa uku da ɗan abu ka tashi. Mac mini M1 kuwa, ƙaramin injin Apple, iyakarsa wat 39, M4 na 2024 wat 65. Da batir ɗin nan ɗaya ka wuni kana aiki. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a 2023, waɗanda na ga suna miƙa aiki kan lokaci masu ƙaramin inji ne da masu laftof. Masu manyan akwatuna kuɗin man janareto ya cinye ribarsu.

ƊanKatsina_Edita:
Mac kuma? In ya lalace wa zai buɗe shi a Maradi? RAM ɗinsa a like yake, ba ƙari. Yadda ka saye shi haka za ku mutu tare.

MaiSola_Tessaoua:
Gaskiya ne ba a ƙara masa. Shi ya sa ba a sayen mai giga 8. M4 daga 16 ya fara. Faifai kuma SSD na waje kake jona masa. Ban ce ba shi da aibi ba, na ce a sa kuɗin wuta cikin lissafi.

Elh_Mokoyo:
Ɗana tsohon HP Z440 ya saya, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamarwa. Ƙarfe ne na gaske, RAM ɗinsa da araha, shekara uku bai ce uffan ba.

Injiniya_Zaria:
Inji ne mai kyau, Alhaji, ba na kushe shi. Abu biyu dai: masarrafar Xeon da ke ciki ba ta da Quick Sync, duk nauyin warware hoto kan kati zai koma. Na biyu, ba ya cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su, ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Wanda ke da shi ya ci gaba da cin moriyarsa. Wanda zai saya yau ya yi tunani. Haka ƙananan injinan ofis ɗin nan masu siririn akwati: akwatin wutarsu ba ya ɗaukar babban kati, sai irin GTX 1650 gajere da ba ya neman wayar wuta ta daban.

Moussa_4K:
Ni RAID na yi, faifai biyu na haɗe. Gudu kamar me. Ba ruwana da kwafe-kwafe.

Injiniya_Zaria:
Wanne? In tera 4 biyu ka haɗa inji ya nuna maka 8, RAID 0 ne. Kowane fayil rabinsa na nan, rabinsa na can. Ɗaya ya mutu, duka sun tafi.

Moussa_4K:
8 yake nunawa.

Zara_Hoto:
Inna lillahi. Moussa, koma sama ka karanta labarina.

Injiniya_Zaria:
Ko RAID 1 ne, mai rubuta abu ɗaya a faifai biyu, maganin mutuwar faifai ɗaya kawai yake yi. In ka goge fayil bisa kuskure, a duka biyun ya gogu. In ɓarawo ya ɗauki inji, ko wuta ta ƙona shi, ko ruwan Agusta ya shigo shago, tare za su tafi. Kwafi na gaskiya shi ne wanda ba ya jone, kuma ba ya ɗaki ɗaya da na farko. Nawa na biyu a gidan mahaifiyata yake, a Ali Dan Sofo, cikin akwatin zannuwanta. Duk Juma'a in na je gaishe ta nake musanyawa.

Salissou_UDDM:
A sa a Google Drive mana?

Zara_Hoto:
Giga 15 suke bayarwa kyauta, ɗana. Ko ka biya, da wane intanet za ka ɗora giga 450? Wanda aka gama aka matse, shi kaɗai nake ɗorawa.

Habou_Réparateur:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni gyara nake, ga abin da ke zuwa teburina. Mutum ya sayi faifai a kwali da leda, an ce sabo. Na jona na buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, sai ga awannin da ya yi yana aiki sun haura dubu ashirin, sama da shekara biyu ba kashewa. An goge shi ne aka sake masa riga. Wani kuma ya zo da wai SSD tera 2 da ya saya kuɗin kati biyu na waya. Na ɓalle murfin, ƙaramin kile ne a ciki an like shi da gam, an haɗa da guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Yana nuna tera 2, yana karɓar kwafe, amma in ya wuce ɗan abin da yake iya ɗauka sai ya riƙa rubutawa kan na farko. Araha ba ta ado. Duk abin da kuka saya, faifai ne ko katin kamara, ku cika shi da manhajar gwaji H2testw kafin ku ɗora masa bikin mutane. Kuma ku yi gwajin a gaban mai shago in ya yarda. In bai yarda ba, kun ji amsa.

Sai kile da kuke ba masu biki. In tsarinsa FAT32 ne ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. In kun mayar da shi exFAT, wasu tsofaffin talabijin ba sa gani. Ni shawarata ku raba bidiyon gida biyu ko uku, kowane ƙasa da giga 4.

ƊanKatsina_Edita:
Wannan na kile ya taɓa sa an kira ni ƙarfe 11 na dare ana zagi. Ashe talabijin ce.

Elh_Mokoyo:
Wata tambaya: har yaushe kuke riƙe bikin mutane? Ɗana ya tara faifai bakwai, wai ba ya iya gogewa. Kowane wata sai ya zo a sayi wani.

Zara_Hoto:
Ni ina faɗa musu tun wajen ciniki: ɗanyen hoto wata uku, wanda aka tace shekara ɗaya. Mai son a riƙe masa fiye da haka ya kawo faifansa.

BaGobiri_Tibiri:
Ni ba ni goge wanda anka tace, ko na shekara nawa ne. Bara wani ya zo neman bikin uwayensa, ya ce gobara ta cinye nasu. Na samo mishi. Abin da ya ba ni ya sayi faifai biyu.

Nasiru_Bagalam:
Kaina ya ɗau zafi, amma na gode ƙwarai. Ga inda nake: yau bayan la'asar na sayi faifai tera 4, yana kwafe yanzu haka, na sa shi a ƙasa kan tabarma, ba kan tebur ba, Anti Zara. Furoksi kuma na kunna wa bikin Soura Bildi in gani. Abin da ban yanke ba shi ne tsakanin injin Injiniya da Mac ɗin mai sola. Shagona haya ne, mita ɗaya muke da mai walda, kuma wutarmu kun san halinta. Amma duk abin da na iya a Windows na iya shi.

MaiSola_Tessaoua:
Mita ɗaya da mai walda? To ka ƙara kuɗin regilatar, mai daidaita ƙarfin wuta, a kan na ondilar, ko wanne ka saya.

Injiniya_Zaria:
Jika nawa suka rage bayan faifan? Faɗa mini in sake lissafi. Mai yiwuwa mu sauke katin zuwa 3050 mai giga 6, wat 70 kawai yake ci, mu bar RAM ɗin a 32.

Moussa_4K:
Malam Habou, shagonka na buɗe gobe da safe? Ina so a raba mini faifan nan biyu, amma ban san inda zan juye tera 6 kafin nan ba.

Habou_Réparateur:
Ina buɗewa ƙarfe 9. Kar ka taɓa komai, kar ka kashe RAID ɗin da kanka. Ka zo da injin gaba ɗaya, kuma ba a bayan kabu-kabu ba.